Ramin da Doka Ta Sa Na Haƙa

Ranar Litinin da hantsi ina tsakiyar gwada idon wata tsohuwa. Na rufe mata ido ɗaya da kwali, ina tambayarta ko tana ganin harafin layi na uku, sai na ji ana jingina tsani a bangon shagona. Kafin in leƙa, wani bawan Allah ya riga ya hau, ya tsoma buroshi cikin gwangwanin jan fenti, yana shirin shafta alama irin wadda malami ke yi wa amsar da ba daidai ba.

"Malam," na ce, "idan ɗigon fentin nan ya taɓa allon nan, yau da ni da kai sai an raba."

Ya dube ni, ya dubi allon, ya matsa gefe ya yi alamarsa a jikin bango. Allah ya taimake shi, ni ma ya taimake ni.

Bari in faɗa muku ko ni wace ce, don kada ku ɗauka masifaffiya ce kawai ta samu fili a jarida. Shekara uku na yi ina karatun gwajin ido da yanka tabarau. Na yi wasu biyu ina yawo da takarduna cikin leda daga wannan ofis zuwa wancan, har masu gadi suka fara gaishe ni da "kin dawo?" Da na gaji na kama shago ɗan ƙarami a layin masu sana'a, tsakanin Mai Walda da Tela. A layin nan ba wanda ke kirana da wani suna sai 'Yar Mai Fenti, domin Babana shekara arba'in ya yi yana rubuta allunan mutane. Rabin shagunan garin nan da rubutunsa aka san su.

Yanzu hannunsa rawa yake yi. Ko kofin shayi sai ya riƙe da hannu biyu. Amma da na kama shagon, ya ce ba wani ɗan zamani da zai buga wa 'yarsa allo da inji. Ya ɗaure wuyan hannunsa na dama da tsumma, ya tallafe shi da na hagu, ya kwana goma sha tara a kan katako ɗaya. Shuɗin fenti, fararen haruffa, GWAJIN IDO DA TABARAU, da wani ido guda a gefe wanda duk inda ka tsaya sai ka rantse kai yake kallo. Ranar da ya gama, ya wanke buroshinsa duka da kananzir, ya naɗe su a tsohuwar jarida, ya tura ƙarƙashin gado, ya ce shi da fenti sun yi sallama. To, allon da aka jingina wa tsani ke nan.

A gindin tsanin akwai wani gajeren mutum rungume da fayil, da tef ɗin awo rataye a wuyansa kamar lambar yabo. Tun daga ranar muke kiransa Mai Tef.

"Malama, ke ce mai wannan allo?"

"Ni ce. Ya zagi wani ne?"

"Ya saɓa wa Sashe na Huɗu na Dokar Alluna ta hukumar gari." Ya lumshe ido ya karanto da ka. "Duk allon da aka kafa a waje, ƙasansa ya kasance aƙalla mita biyu da rabi daga ƙasa, don kada ya fasa kan mai wucewa." Ya ja tef ya auna. "Naki mita ɗaya da santi tamanin. Ya gaza da saba'in."

"A manne yake da bango, Malam. Wanda zai fasa kai da shi sai dai in ta cikin bangon zai wuce."

"Doka ba ta san bango ba."

"To shi ke nan, a ɗaga shi sama."

Ya yi murmushin tausayi. "Sashe na Tara. Kada saman allo ya wuce bakin rufi, don kada iska ta ɗauke shi ta jefa wa jama'a."

Na ɗaga kai na dubi bakin kwanon shagona. Mita biyu da santi sittin ne daga ƙasa, na sani, don ni na riƙe wa Mai Walda tef ranar da muka kafa allon. Wato tsakanin inda Sashe na Huɗu ya saki da inda Sashe na Tara ya kama, santi goma ne, faɗin tafin hannu. Allon Baba kuwa santi tamanin ne.

"To a ina doka ta ce in sa shi?"

"Ai doka ba ta faɗin inda za a sa, Malama. Inda ba za a sa ba take faɗi."

Ya yago takarda ya miƙo mini. Kwana bakwai. Idan Litinin mai zuwa allon bai bi doka ba, mota za ta zo ta kwance shi ta kai farfajiyar hukuma. Na san wurin. A bayan katanga ake jibge su, ruwa ya doke su, gara ta gama sauran, masu gadi su hura wuta da abin da ya rage.

Daga cikin shago na ji muryar tsohuwar nan: "'Yar nan, in buɗe idon?"

"Bar shi a rufe, Goggo. Babu abin gani."

Kada wani ya ce na raina doka. Ni kam ina jinjina wa masu girma da suka zauna cikin sanyin ofis suka yi ta tunanin kawunanmu har kansu ya yi ciwo. Allah ya ja zamaninsu. Gaskiya ne akwai wayar wuta da ta yi shekara biyu tana lilo a bakin mahaɗar layinmu, har yara sun sa mata suna. Gaskiya ne murfin kwatar bakin titi ya tafi yawo tun kafin in gama makaranta. Amma waɗannan abubuwa ne da kowane gama-garin mutum zai iya gani. Gano hatsarin da ke cikin katakon da aka ɗaure da noti shida a jikin bango, wannan sai ƙwararre.

Mai Walda ya ture tabaransa na aiki sama ya ƙaraso. Mutum ne mai kirki, sai dai duk matsalar duniya a wurinsa hanya biyu gare ta: a yanka, ko a liƙa.

"Ƙanwata, ba ki iya zama da manya ba. Da kin ɗan sanyaya masa hannu, da tef ɗin nan ya miƙe da kansa."

"Ban yi karatun shekara uku don in sanyaya hannun kowa ba."

"To kawo in yanko miki santi goma daga tsakiya. Ai zai ɗauki rabin haruffan."

"Yaya, masu zuwa wurina fa mutanen da ba sa gani ne. Wanda zai iya karanta allo mai faɗin tafin hannu daga bakin titi, me zai zo yi a shagona?"

Ya sosa ƙeya. "Sai ki ce da mai gidan da kike haya ya ɗaga rufin."

Na je. Mai gida ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko ina so ya juya mini ƙofar ta kalli gabas tun da abin ya zama na zaɓi.

Da yamma na faɗa wa Baba. Ya yi dariya har da tari.

"Mu a zamaninmu," in ji shi, "in mun kafa allo sai mu kira wanda ya fi kowa tsawo a layin, ya sa hularsa ya wuce ta ƙasa. In hular ba ta faɗi ba, an gama awo. Shekara arba'in, ko kaza allona bai taɓa kashewa ba." Sannan ya ce, "Cire shi kawai, uwata. Katako ne."

Amma bango yake kallo da ya faɗi haka, kuma shayinsa ya huce a gabansa bai ƙara taɓawa ba. A nan na yanke cewa ko ni za a kai farfajiyar hukuma a jibge, allon nan ba ya motsawa.

Talata da sassafe na isa Sashen Alluna. Abin da ya fara burge ni shi ne ladabin mutanen wurin. Duk wanda zai shiga, babba da yaro, sai ya rusuna a bakin ƙofa. Na ce a raina, ni ban iya wannan ba, da kaina a sama zan shiga. Sai ji na yi ƙwal a goshi. Ashe allon Sashen Alluna ne ke reto da ƙusa ɗaya, daidai tsawon kan mutum.

Na zauna a benci mai ƙafa uku, an tokare ta huɗun da tsofaffin fayiloli. Talata aka ce mai ba da fom ya tafi taro. Laraba mai fom ya zo, fom ɗin ne ya ƙare. Na ce a ba ni na wani in kwafa da hannu, aka ce kwafin fom sai da izini, izinin kuma da fom ake nemansa. Ban tashi ba. Na ci biredina a kan bencin, na gwada idon masinja kyauta don in rage lokaci, na haddace Dokar Alluna da aka liƙa a bango har na gano kuskuren rubutu goma sha ɗaya. Alhamis da azahar, da suka ga alamar zan fara kawo filo, aka shigar da ni wurin Yallaɓai Mataimaki.

Na shimfiɗa masa lissafin dalla-dalla a takarda, har da zane. Ya gyaɗa kai.

"Lallai kin yi makaranta. Amma ba za mu taɓa Sashe na Huɗu ba."

"Na Taran fa?"

"Shi ma haka. Ai 'yan'uwan juna ne."

A nan ne, jama'a, bakina ya ja mini. Tun ina ƙarama Inna take cewa wannan baki sai ya kai ni inda ƙafa ba za ta iya dawo da ni ba. Na ce, cikin gatse tsantsa, "To ranka ya daɗe, tun da allo ba zai hau ba, rufi ba zai hau ba, sai dai in haƙa rami ƙasa ta sauka."

Na jira ya kore ni. Sai na ga fuskarsa ta washe kamar an kunna fitila. Ya jawo littafin doka, ya bi layin da yatsa.

"Daga ƙasa," ya karanta. "Daga ƙasa kawai aka ce. Ba a ce ƙasar ta tsaya inda take ba." Ya ɗauki biro. "Shawarar mai shago: a sauke ƙasa."

"Yallaɓai, wasa nake yi."

"Ba a wasa a fayil, Malama. An riga an rubuta."

Ya tura masinja sama wurin Mai Girma Babban Darakta. Ni da na kwana uku ban samu fom ba, cikin minti goma takardar ta sauko da sa hannu da hatimi. An amince.

Wata mai hankali da ta koma gida ta yi kuka. Ni shebur na aro.

Santi saba'in ya isa a lissafi, amma na lura da wani abu game da tef ɗin hukuma. A mita biyu ya tsinke. Sauran rabin mitar da kamun hannu ake cikawa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Mai Tef gajere ne, kamunsa da sauƙi. Amma wa ya san wanda za su turo ranar Litinin? Na ce da Mai Walda mita guda cur za mu sauka, ko da za su zo da mai hannun raƙumin dawa.

Juma'a da Asabar muka yi muna haƙa, shi da diga, ni da shebur. Tela ya fito da kujerarsa ya zauna yana ba da shawara, wadda ita ce gudummawarsa ga kowane aiki tun da na san shi.

"'Yar Mai Fenti, wannan ne karatun? Da na sani da na tura ɗana."

"Tura shi, Kawu. Akwai sauran shebur."

Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Na ɗaure da tsumma na ci gaba. Masu wucewa suna tambaya ko rijiya ce, ko kabarin wani ne, ko an ce akwai zinariya. Ina ce musu doka ce, sai su ce "Allah sarki" su wuce da sauri. Da yake allon a saman ƙofa yake, ramin ma a bakin ƙofa ya zauna. Muka shimfiɗa katako guda a kai, ya zama gada. Ku auna da kanku: shagon masu matsalar ido, da rami mai kai wa ƙugu a bakin ƙofarsa. Duk wanda ya zo sai in fita in kamo hannunsa in tsallakar da shi.

Goggo ta dawo karɓar tabaranta, ta tsaya turus. "'Yar nan, idon nawa ne ya ƙara lalacewa, ko ƙasa ce ta gudu?"

"Ƙasa ce, Goggo. Idonki lafiya lau. Kawo hannu."

Ban gama wanke shebur ba sai ga wani sabon baƙo a kan babur, daga Sashen Hanyoyi da Ramuka. Na miƙa masa takardata tun kafin ya buɗe baki. Ya ga hatimin, ya cire hula.

"Ramin halal ne," ya ce. "Amma duk ramin da ke kan hanyar jama'a sai da gargaɗi a rubuce."

"Wannan gaskiya ne." Na ji daɗi, wallahi, yau ga doka mai kan gado. "Yanzu zan jingina kwali a bakinsa."

"A'a. Gargaɗi ai allo ne. Sashe na Huɗu. Mita biyu da rabi daga ƙasa."

"Malam, mai duba rami ƙasa yake kallo."

"In kina so ya zauna ƙasa-ƙasa, sai ki haƙa masa nasa ramin."

"Shi kuma wancan ramin?"

"Sai da gargaɗi."

Na ga in na bi wannan hanya har bakin kasuwa zan haƙa, na zaɓi turke. Mai Walda ya kafa dogon ƙarfe a gefen ramin, nesa da rufin kowa. Ranar Lahadi na zauna tsakar gida da guntun katako da gwangwanin fenti. Baba ya ce ba ruwansa, ya juya mini baya. Na ja harafin farko, sai na ji shi a kaina.

"Wannan H ce ko tsani? Sassauta hannun. Ba shebur ba ne." Ya shiga ɗaki, ya fito da ƙunshin jaridar nan, ya zaro buroshi ɗaya ya miƙo mini. "Aro ne. Ki wanke shi."

Haka muka rubuta HATTARA DA RAMI, ni da hannu, shi da faɗa.

Ga abin da nake so masana su bincika. Kwana biyu ramin nan yana buɗe babu gargaɗi, ko akuya ba ta faɗa ba, don kowa yana kallon gabansa. Muna ɗora gargaɗin a kan turke, kafin la'asar mutum uku suka shiga. Mutum zai taho lafiya, ya hango rubutu a sama, ya ɗaga kai yana haɗa baƙi, yana kai wa kalmar ƙarshe ƙasa ta ƙare. Na farko mai kai wasiƙu ne. Na uku Tela ne, wanda da idonsa aka haƙa ramin. Ba wanda ya ji ciwo, amma tsoro ya kama ni, na jawo tsohuwar katifa na jefa a ciki. Da asubar Litinin aka sheƙa ruwa, katifar ta sha ta ƙoshi.

Ƙarfe goma motar kwance alluna ta tsaya, da tsaninta da sifanoninta. Bayanta wata baƙar mota mai sheƙi. Ashe Mataimaki ya gaya wa Mai Girma Babban Darakta cewa ya amince da wani sabon tsari wanda ba a taɓa yin irinsa ba, shi kuma ya ce sai ya zo ya ga basirarsa da idonsa. Ya fito cikin fararen kaya, mutum biyar na biye. Baba ma ya zo, ya zauna a benci a tsallaken titi, hannuwansa a cikin aljihu don kada a ga rawarsu.

Mai Girma ya hango turken. Ya ɗaga kai, ya ƙanƙance ido, ya matso. Mutum biyar ɗin nan su ma suka ɗaga kai, don ba a kallon ƙasa alhali shugaba yana kallon sama. Ya ƙara matsowa.

"Ranka ya daɗe, ƙafarka!" na ce da ƙarfi.

"Shhh," in ji Mai Tef. "Ba a katse Yallaɓai yana karatu."

Ƙarar da katifar ta yi ba zan iya rubuta ta ba. Sai dai in ce ruwan ya kai har gilashin baƙar motar. Injin walda ya mutu, keken Tela ya tsaya. Mai Girma ya miƙe a hankali, daga ƙugu zuwa sama shugaba, daga ƙugu zuwa ƙasa laka.

"Wane mara hankali ne ya ba da izinin wannan abu?"

Mataimaki ya shiga duba takalminsa. Mai Tef ya gano wani abu mai muhimmanci a cikin gajimare. Ni na durƙusa a kan katakon da ladabi, na miƙa takardar. Ya kai ta nesa, ya kawo ta kusa, ya juya ta.

"Karanta mini. Hannuna da laka."

Na karanta, tun daga "shawarar mai shago" har zuwa muƙamin wanda ya sa hannu, ban rage ko wasali ba, kuma da muryar da za ta kai tsallaken titi. Ya dubi bangon ramin hagu da dama.

"Tsari ne mai kyau," ya ce. "An yi shi da tunani."

Mutum biyar suka ce lallai, lallai, da tunani. Suka miƙa hannu za su ciro shi.

"Ranka ya daɗe," na ce, "tun da Allah ya kawo ka daidai inda doka ta ce a fara awo, ai ba a samu wanda ya fi ka cancanta ba."

Ya kalle ni, na kalle shi. Ban sauke ido ba. Aka miƙa masa tef, ya taka bakinsa da ƙafa a kan katifar, mai tsani ya ja sama har inda ya tsinke. Saura rabin mita. Mai Girma dogo ne, ya miƙa hannu ya ɗora kamunsa daga inda tef ya ƙare, irin kamun da na ji tsoro tun farko. Tsakanin kan yatsansa da ƙasan allon Baba aka sami ragowar yatsu uku.

"Ya cika," in ji shi.

A kan katakon gadar aka buga hatimin, yana tsaye cikin ruwa. Motar kwance alluna ta juya babu komai. Na waiwaya tsallaken titi. Baba ya fito da hannuwansa daga aljihu yana gyara hula, yana ta gyara ta, alhali zaune take daidai.

Da aka ciro Mai Girma, na ba shi kujera da tawul a cikin shago. Ya kori mutanensa waje, ya rage murya.

"'Yata, wancan rubutun na kan turke, me ya ce?"

Na zaunar da shi gaban allon gwaji. Layi na biyu, wanda direban babbar mota ke karantawa daga ƙofa, Mai Girma ya ce yana ganin kamar tsuntsaye ne. Rubutun da na riƙe masa kusa ma haka. Ya ce shekara takwas ke nan duk takardar da aka kawo, inda aka ɗora yatsa nan yake sa hannu.

Mai Walda ya roƙe ni har da riƙe haɓa. "Ƙanwata, kada ki yi masa tabaran nan. Mutumin da bai gani ba ya yi mana wannan, in ya gani fa?"

Na ce aikina ne, kuma na yi rantsuwa a kansa. A raina kuma na yi wani lissafi: ranar da mutumin nan ya karanta Sashe na Huɗu da na Tara da idonsa, zai ga ba sa zama ɗaki ɗaya, ya gyara lamba guda, in cike ramina in huta. Na yanka masa tabarau mafi kyau da na taɓa yi.

Ya karanta kuwa. An ce kwana biyu ya rufe ofis yana karatu, ya fito ransa a ɓace, ya ce tun da yake bai taɓa ganin dokoki biyu masu karo da juna irin waɗannan ba, kuma ba zai bar talakawa cikin wannan wahala ba. Ranar Alhamis sanarwa ta fito. An ƙara Sashe na Goma Sha Bakwai: duk shagon da rufinsa bai kai ba, ya sauke ƙasa, kamar yadda aka gwada aka ga nasara.

Yau rami ashirin da uku ne a layinmu, kowanne da turkensa. Tela ya daina amsa gaisuwata. Mai Walda yana amsawa, amma daga cikin nasa ramin. Allon Baba yana nan inda yake, da takardar izininsa a cikin firam, kuma hannuna ya warke har ya yi kanta.

Ƙofata a buɗe take ga duk mai son gwajin ido, daga takwas zuwa biyar. Sai dai in kun shigo layin, don Allah ku ajiye iliminku a aljihu, ku bi bayan wanda bai iya karatu ba. Irinsu kaɗai ne har yanzu ba su faɗa ba.